Kuɗin Hajjin Innarka

Wulari, Yerwa.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa motarku ta sauka Gamboru ba tare da wata matsala ba. Allah ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na abokin tafiya. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Kwana biyu da tafiyarka aka faɗa a rediyo cewa gwamnati za ta sake canja takardun kuɗi, kuma kwanakin da aka bayar ba su da yawa. Tun da na ji nake neman motar da za ta kai maka wannan takarda. Jarin da ka tafi da shi duk ya zama tsofaffin takardu, ga shi kuma sana'ar da kawunka Alhaji Isa zai koya maka a Farlomi, babban garin nan na ƙetaren iyaka, ita ce canjin kuɗi. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali wata magana ce da ka yi a zaure ranar da kake ɗaure kaya. Na ji kana ce wa abokinka akwai Faransawa a can masu sayen tsohon kuɗi da tsada don ajiya, kai ma in ka samu za ka riƙa ɓoyewa har ya yi daraja. Na ji ka sarai, amma ban san ta inda zan fara ba a gaban mutane. Da baki na kasa, to ga shi a rubuce. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai ka karanta, kada ka ba kowa ya karanta maka.

Ka san kakanka daga Kano ya zo garin nan sayen kanwa, ya zauna. Lokacin da ya rasu kana rarrafe. Da na buɗe akwatinsa, a ƙarƙashin riguna na tarar da wata 'yar jakar fata. A ciki akwai liyari shida, kuɗin nan na azurfa masu hoton mace da matan Shuwa ke ratayawa a wuya, da wasu ƙananan takardu da suka kai ashirin, na sule ɗaya da na sule biyu. Tun zamanin yaƙin Jamus na farko suke, lokacin da azurfa ta yi wuya aka riƙa biyan mutane da takarda. Ya taɓa gaya mini cewa da aka biya shi da su ya kai kasuwa, kowa ya ƙi karɓa sai da ragi, haushi ya sa ya jefa su akwati ya manta. Sabbi fil suke, ko lanƙwasa babu.

Liyarin na kai wa maƙeri, ya auna ya biya ni. Takardun kuwa ban ɗauke su a bakin komai ba. Yayyenka suka yi wasan kasuwa da su a tsakar gida, innarka ta ƙunshe kwalli a wasu, akuya ma ta ci nata rabon. Guda ɗaya na saka cikin takardun shanu a aljihuna, don kawai hannun babana ya taɓa ta.

Bayan kamar shekara uku, Baturen dabbobi, likitan shanu na gwamnati, ya zo Kasuwar Shanu duba garken da za mu tura Kudu. Na fito da takardun allura zan nuna masa, sai takardar babana ta faɗo ƙasa. Da kansa ya tsugunna ya ɗauka, ya riƙe ta da bakin yatsu kamar mai tsoron kada ta fashe. Yana jin Hausa sosai.

Ya ce, "Malam Garba, a ina ka sami wannan?"

Na ce, "Ta babana ce, ranka ya daɗe. Ba ta da amfani, ba a karɓa."

Ya ce, "Za ka sayar mini? Fam ɗaya."

Na dube shi in ga ko wasa yake yi. Takardar sule ɗaya, wadda ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba! Halin dillali ya motsa, na ce albarka. Ya ce fam biyu. Na yi maza na miƙa hannu, ina tsoron kada ya farga ya fasa. Sai ya tambaye ni ko akwai wasu. Sa'idu, a guje na zo gida daga Kasuwar Shanu, hulata a hannu. Na zazzage akwati, na ɗaga tabarmi, na tona juji a bayan gida. Ko guntu ban samu ba.

Da na koma na gaya masa, ya zaunar da ni ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce a ƙasarsu akwai mutanen da ke tara irin waɗannan takardu a cikin littafi don sha'awa, kuma abu biyu ne suka ba wannan daraja: irinta ta yi ƙaranci, don yawancinsu tuni aka tattara aka ƙone, sannan tana nan da sabuntarta. Da bakinsa ya faɗa, da Hausa, babu tafinta. Amma yana magana ni ina can ina lissafin abin da akuya ta cinye mini. Abin da kunnena ya ɗauka ɗaya ne, wai tsohuwar takarda tana haihuwa in an ajiye ta.

To ka ji na farko. Idan wanda ya fi ka sani yana yi maka bayani, ka ajiye lissafin riba tukuna, ka saurare shi har ƙarshe. In ya gama, ka maimaita masa abin da ka fahimta, ya gyara maka. Da na yi haka ranar, da yau ba na rubuta maka rabin abin da ke cikin takardar nan.

Akwai wani abu kuma da ya faru da ni a garin da za ka. Wata shekara na ƙetara Farlomi da kaina sayen bijimai, ina ganin 'yan tsakiya suna cin ribata. Na sami wani makiyayi Bashuwe da bijimai goma masu kyau. Larabcina na kasuwa ne, nasa Hausar ma haka. Muka yi ciniki, ya sallama a dubu da ɗari biyar kowanne. Na juya faranka dubu da ɗari biyar zuwa fam a zuciyata, na ga ko kuɗin maraƙi bai kai ba. Maimakon in tsaya in ce yaya haka, sai na ce yau na sami wawa. Na yi maza na kama hannunsa a gaban shaidu.

Da na ƙirga masa kuɗin a kan tabarma, ya dube su ya dube ni, ya ce, "Ina sauran?"

Ashe a can ba da faranka ake ƙirga ba. Da riyal ake ƙirgawa, kuma riyal ɗaya faranka biyar ne, ko da yake lambar da ke jikin takardar ta faranka ce. Abin da na shimfiɗa masa kashi ɗaya ne cikin biyar. Kasuwa ta taru a kaina. Dattijon kasuwar ya yanke cewa in ɗauki uku a kan farashin gaskiya, in kuma biya shi ɓata masa yini da na yi. Farankan da ke hannuna ba su isa ba, na ruga wurin mai canji da sauran famfamaina. Mutumin ya ga gumi a goshina, ya ga Shuwa biyu suna tsaye a bayana, ya yanka mini farashin da ya ga dama, na karɓa. Na dawo Yerwa da bijimai uku da suka fi na Kasuwar Shanu tsada.

Saboda haka, duk wanda ya ce maka dubu, ka ce masa dubu na me. Ka fito da takardar ka ajiye a tabarma, ka nuna ta da yatsa, ka ce irin wannan guda nawa. Ba abin kunya ba ne. In abu ya yi maka arha fiye da hankali, ka fara zargin fahimtarka kafin ka zargi wautar mai kaya. Kada ka je wurin canji kana haki. Kuma kada yawan lambobin da ke jikin faranka ya ruɗe ka. Na taɓa ganin makon da hukumarsu ta rage masa ƙima daga can Faransa, mutanen da suka tara shi a nan suka wayi gari da takardunsu cif-cif, amma abin da za su saya da su ya ragu.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ajiye shi sau uku kafin in iya ci gaba.

Kana ganin innarka duk unguwar nan sa'o'inta Hajiya ake ce musu, ita kuwa har yau Hajara. An gaya maka ciwon ƙafa ne ya hana ta tafiya aikin hajji shekarar da kawunka ya tafi. Ba ciwon ƙafa ba ne. Ni ne.

Tun da na auro ta take haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa. Ka taso ka gan ta a gaban kasko, hayaƙi yana cin idonta. Ba ta taɓa sayen zane daga wannan kuɗi ba. In kwabbai da sulalla suka taru sai ta ba ni in mayar mata da su takarda, ta saka a wani gwangwani. Niyyarta ɗaya ce, ta ga Ka'aba. Har suka kai fam saba'in.

Shekarar da ta gabaci samun mulkin kai aka fito da sababbin takardu namu na Nijeriya. Tsofaffin, masu hoton kogi da bishiyoyin kwakwa, suka ci gaba da yawo tare da su na wani lokaci, daga baya aka ce za a daina karɓa. Wata safiya ta kawo mini gwangwanin.

Ta ce, "Malam, an ce waɗannan sun kusa mutuwa. Ka taimaka ka kai mini banki a canja."

Na karɓa da niyya mai kyau, Allah shi ne shaidata. Na je banki, na shiga layi. Saura mutum huɗu a gabana, sai Baturen dabbobi ya faɗo mini a rai. Na ce in takardar sule ɗaya ta haifi fam biyu, to takardun fam saba'in fa? Na ce waɗannan ma tattarawa za a yi a ƙone, wanda ya riƙe nasa shi zai yi dariya. Na hango kaina ina miƙa mata ninkin kuɗinta, ina kai ta filin jirgi maimakon ta sha wahalar mota. Har daɗi na ji, kamar alheri nake shirya mata. Na fita daga layin.

Na naɗe su a fata, na sa a tulu, na toshe bakin da laka, na binne a kusurwar zaure. Da na shiga gida ta ce, "An dace, Malam?"

Na ce, "An dace. Na canja, na bar su can a ajiye, ya fi tsaro."

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, ya bar mana kai."

Wannan addu'a har yau ina jin ta a kunnena. Damina biyu na kwana na tashi da ƙaryar nan. Baturen dabbobi ya riga ya koma ƙasarsu, ni kuwa kullum ina cewa bari su ƙara tsufa.

Sai kawunka ya zo ya ce ya samo musu wuri a motar alhazai da za ta bi ta Farlomi zuwa Sudan. Kai lokacin kana makarantar kwana. Ban taɓa ganin innarka cikin murna irin ta watan nan ba. Aka yi mata allura, aka ɗauke ta hoto. Ta yi dambun nama, ta daka dakuwa, ta ɗinka farin mayafi. Ta bi unguwa gida-gida tana neman gafara, har matar da suka shekara ba sa magana sai da ta je ta durƙusa mata.

Saura kwana uku a biya kuɗin mota na tone tulun. Danshi ya shiga. Na wajen sun manne da juna sun yi baƙi, in ka taɓa sai su zube. Na tsakiya ne suka rage. Na ce ba komai, waɗanda suka rage sun isa su biya duka. Na zaɓi masu kyau na kai wa wani Kwara, Balarabe mai kanti, da aka ce yana sayen tsofaffin kaya yana aika wa Turawa. Ya jujjuya su, bai yi mini dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya jawo aljihun teburinsa, sai ga shi cike da irinsu.

Ya ce, "Malam, wannan kowa yana da su. An buga su kamar ganye. Ga naka duk sun sha hannu, ga tabo, ga wari. Wa zai saya?"

A nan ne maganar Baturen dabbobi ta dawo mini duka, kalma-kalma, wadda ban saurara ba shekara kusan goma da suka wuce.

Na wuce banki. Akawu ya ce lokacin canji a nan ya wuce, sai an rubuta Ikko, babban birnin ƙasa, abin zai ɗauki watanni, kuma duk wadda lambarta ta goge babu ita. A shekarar ciwon shanu ya rufe mana kasuwa, ba ni da ko maraƙin da zan sayar. Na zaga gari har la'asar, sannan na shigo gida. Na tarar tana ɗaure kayanta da igiya tana 'yar waƙa. Na ajiye fatar a gabanta, na zauna a ƙasa, na gaya mata komai.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɓare takarda ɗaya a hankali, ta duba, ta ce, "Wannan na san ta. Ta shekarar da Sa'idu ya yi ƙyanda ce. Ga ɗigon humra a gefenta." Ta ajiye. Can ta ce, "Malam, asara ai tana samun kowa. Amma me ya sa ka ce mini ka canja? Da ka ce ba ka canja ba, da na je da ƙafata."



Ta kwance kayanta. Dambun da dakuwar ta aika wa matan da za su tafi. Da maƙwabta suka shigo tambaya, ta ɗaure tsumma a gwiwa ta ce ƙafa ce ta tashi. Ta rufa mini asiri, ni da na tona mata rami. Kawunka kaɗai ta gaya wa, don dole ya sani. Ya shekara biyu ko sallamata ba ya amsawa da kyau, kuma bai yi laifi ba. Bayan watanni, abin da ya dawo daga Ikko bai kai sulusi ba, ta karɓa ta sayo gero da shi don shekarar ta yi mana tsanani. Daga ranar ba ta sake ɗaga maganar ba. Amma duk shekara in alhazai suka dawo, takan je ta yi musu barka, ta sha zamzam ɗin da aka ba ta, ta dawo ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ni kuwa ina zaure ina jin shirun nan.

Sa'idu, kuɗin takarda alkawari ne na hukuma. Ranar da ta janye alkawarin, abin da ke hannunka takarda ce kawai. Masu sayen tsohuwa don sha'awa suna nan, ban ce ƙarya ka ji ba, amma ɗaya suke nema cikin dubbai, kuma sun fi ka sanin wacce ce. Ga abin da nake so ka yi. Kada ka ƙetare gadar kan iyaka da jarin nan. Ka juyo da motar da ta kawo maka takardar nan, ko ka je duk inda aka buɗe wurin canji mafi kusa, ka canja su duka, har ta ƙarshe. Kawunka zai jira ka, na rubuta masa. A kwanakin nan za ka ga mutane daga ƙetare suna yi maka tallan tsofaffin takardu a rabin kuɗi, suna rantsuwa cewa kana shiga banki za a ba ka cikakke. Kada ka saya ko ɗaya. Ba ka san ta inda suka fito ba, ba ka kuma san ko za a karɓa ba. In zuciyarka ta matsa sai ka ajiye wata don tarihi, ka zaɓi ta sule biyar guda ɗaya mai tsabta daga cikin guminka, ka sa a littafi, ka ƙaddara kamar ka riga ka kashe ta. Kuɗin wani kuwa, ko na matarka ne, ko na ɗan cikinka, ba a gwada dabara da shi, ko da alheri kake nufi. In ya ce ka canja, ka canja. In kana da wata shawara, ka gaya masa, shi ya zaɓa.

In kuma asara ta same ka a rumfar kawunka, don za ta same ka wata rana, ka gaya masa kafin ka yi sallar da ke gaba. Zai yi faɗa, zai huce. Kada ka bari ta kwana, don da ta kwana za ka fara neman ƙaryar da za ka lulluɓe ta.

Yanzu ina da bijimai biyu a Konduga wurin wani makiyayi, Ba Modu, ina kiwonsu don kuɗin jirginta. Wannan karon ban ɓoye mata ba. Na ɗauke ta a mota na kai ta ta gan su da idonta. Ta shafa bayan ɗaya, ta tambayi Ba Modu ko yana ba su dusa, sannan ta ce, "Allah ya kai mu." Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma ciwon ƙafar da ta ƙirƙira don ta rufa mini asiri yanzu ya zo da gaske, daga ɗaki zuwa rijiya sai ta huta. Kullum ina duban tafiyarta ina lissafin watanni, ina tsoron kada na makara. Ka sa ta a addu'a bayan kowace salla. Ni ma ka sa ni, ko da abin da ka karanta ya rage mini girma a idonka.

In ba ka juyo da motar ba, ka ba direbanta amsa ya kawo mini, ko layi biyu ne, da rubutun hannunka. In ka canja, ka ce ka canja. In ba ka canja ba, don Allah ka ce mini ba ka canja ba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a abin da hannunka zai taɓa, ya hana ka cin haƙƙin kowa, ya hana kowa cin naka. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka tarar da mu duka da rai. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba